Ƙofar Gaba ta Buɗu, Amma Gwaggo Ta Tafi

Akwai wani mai gyaran jikin mota da ake ce wa Sai-Anjima. Gwani ne, ƙofar da ya ɗaura da yatsa ɗaya ake rufe ta. Amma tasa motar, hinjin da ke riƙe ƙofar gaba ya cinye, ƙofar ta zube, ya ɗaure ta da waya ya ci gaba da harkarsa.

Mahaifinsa tsoho ne mai ciwon gwiwa. Ƙafarsa ba ta lanƙwasuwa, don haka kujerar baya ba ta shiguwa gare shi, sai ta gaba. Ga ƙanwar tsohon ɗaya tilo tana kwance ba lafiya a wani gari.

"Ka gyara ƙofar nan ka kai ni in ga gwaggonka," in ji tsohon.

"Baba, aikin mutum biyu ne. Sai wani ya riƙe ƙofar, ni ina ɗaure noti."

"To ga ni, zan riƙe maka."

Sai-Anjima ya yi dariya. "Kai da wannan hannun? Bari dai in rage motocin mutane."

Sabon hinjin fa ya saya tuntuni, yana cikin mota a ledarsa. Kullum tsohon zai sa hularsa ya zauna a ƙofar gida, kullum amsar ɗaya ce. Da ya gaji, ya daina tambaya, shi kuwa gogan ya ɗauka an manta.

Wata safiya waya ta zo: Gwaggo ta rasu.

Sai-Anjima ya ɗauko sifana ya kwance wayar da ya ɗaure ƙofar da ita. Ya waiga neman mai riƙe masa, sai ga Baba ya dogaro sandarsa. Tsohon ya jingine ta, ya tallafi ƙofar da hannu biyu. Kafin shayin da aka zuba masa ya huce, an gama.

Baba ya buɗe ƙofar, ya rufe, ya sake buɗewa.

"Ashe aikin ke nan?" ya ce a hankali. "To mu je, ko jana'izar ma samu."

Wallahi da zagi ya yi, da ya fi sauƙi. Har suka isa Sai-Anjima bai iya kallon kujerar gefensa ba.

Darasi: Ƙaramin aikin da iyayenka suka roƙa, yi shi yau. Ƙofa tana jiran gyara, mutum ba ya jira. Ku tura wa duk wanda ke ce wa na gida "sai an jima".