Ɓawon Kwakwa a Ƙarƙashin Daɓe

Ya 'yan uwa, an yi wani magini a nan Badagry, shekarun da na fara zama cikin Yarbawa. Gwani ne, amma ba ya yarda ya yi kuskure.

Alhaji Mufutau ya ba shi aikin gida a bakin fadama. Da aka zo ƙiyasta yashin ciko, wanda ake zubawa kafin a yi daɓe, sai magini ya kalli filin ya ce tifa goma sha biyu ta isa. Baba Lamidi, tsohon da ke maƙwabtaka, ya ce, "Ɗana, ɗauko igiya ka auna. Ƙasar nan haɗiye yashi take kamar mai buɗa baki."

Ya yi dariya. "Baba, je ka ci tuwon rogonka. Idona ya fi igiya."

Tifa sha biyu ta ƙare, falo bai cika ba. Me zai hana ya ce, "Alhaji, na yi kuskure, a ƙaro"? Kalma shida ce. Girman kai ya hana. Sai ya kwaso ɓawon kwakwa, ga shi tuli ko'ina, ya cika ramin, ya yayyafa yashi, ya zuba siminti. Daɓe ya fito sumul.

Damina biyu ɓawon yana ruɓewa, ba mai gani.

Ranar sunan jikan Alhaji, aka zaunar da magini a tsakiyar falo, ana nuna shi ga baƙi. Ana raba shinkafa sai daɓen ya lotsa. Kujeru suka kife, Iya Sikira, uwar Alhaji, ta karye a ƙugu. Ga ɓawo baƙi ƙirin a idon kowa. Baba Lamidi ya ɗaga guda ya ce, "Idon naka ne ya auno wannan?"

Tun ranar ba wanda ya sake ba shi ko katangar kaji. Yanzu kwakwa yake fasawa a bakin hanya.

Ni 'ya'yana biyu gini suke yi, kuma wallahi labarin nan yana hana ni sukuni. Kullum ina gaya musu: ku auna, in kun kuskure ku faɗa. Abin da kuka binne, Allah yana gani, ƙasa kuma ba ta riƙe asiri.

Allah ya kiyaye mu da girman kai, mu da zuri'armu. Amin.