Kogin da ya shige ƙarƙashin yashi

Dalilin da ya sa kogin garin nan yake ɓuya da rani, sai kun durƙusa kun tona yashi da ƙoƙo kafin ku sami na sha, ba wani abin nesa ba ne, yara. Aikin basirar kakanninku ne. Kai mai gyangyaɗi, tashi ka ji tarihin gidanku.

A da kogin nan cike yake rani da damina, har tarwaɗa ake kamawa da hannu. Kuma akwai al'ada: duk mai gona a bakin ruwa sai ya bar taku goma na ciyawar jema, ba a nomewa, ba a tugewa. Kason kogi ake ce masa. Saiwar jemar ce ke riƙe gaɓa, amma tsofaffi ba sa dogon bayani, cewa kawai suke yi a bari.

To akwai wani manomi, Jatau, wanda sarautar Sarkin Noma ta tsaya masa a rai. Ita kuwa ba a naɗa mutum sai ya ɗaure damin dawa dubu a shekara guda. Shekara uku Jatau yana tsayawa a ɗari tara da 'yan kai, har mutanen kasuwa suka laƙaba masa suna Saura Kaɗan. Sunan nan yana yi masa ciwo ƙwarai.

Wata safiya ya tsaya a ƙarshen gonarsa yana hararar jema. Ƙasa mafi kyau a garin, an bar wa ciyawa tana hutawa a kai. Ya ɗaga fartanya ke nan sai ga yayarsa Gwamma ta zo ɗibar ruwa.

Ta ce, "Jatau, kason kogi za ka ci?"

Ya ce, "Yaya, kin taɓa ganin kogi ya zo da buhu karɓar kasonsa?"

"Ban taɓa ba," in ji ta. "Amma tunda Allah ya kawo mu zamanin masu wayo, ƙila in gani."

Ya tuge jemar kakaf, ya shuka dawa har tana leƙa ruwa. Da kaka ya ɗaure dami dubu da ashirin. Aka yi kiɗa, aka naɗa masa rawani mai girman kwando, maroƙa suna cewa ba a taɓa haifar mai hangen nesa irinsa ba. Mutanenmu kuwa kun san su, in ɗaya ya faɗa rijiya ya fito da riga sabuwa, kafin azahar an yi layi. Kowa ya wasa fartanya. Kafin damina ta zagayo babu ko tsinken jema a gaɓa, kuma waɗanda suka fi kiran Jatau Saura Kaɗan su suka fi zurfafa tugewa.

Ruwan farko ya sauka, gaɓa ta fara zaftarewa. Gonar Jatau ce a kan gwiwar kogi, ita ta fara tafiya, kunya bayan kunya, yana tsaye yana kallo. Na maƙwabta suka bi. Da rani ya yi, aka wayi gari babu kogi, sai yashi shimfiɗe iya ganin ido.

Jatau ya sa babbar riga, ya ɗora rawani, ya shiga tsakiyar yashin, mutanen gari na biye da shi. Ya buga ƙafa ya ce, "Kai kogi, maido mini gonata."

Sai murya ta fito daga ƙasa, a natse. "Ranka ya daɗe, Sarkin Noma. Ni da taku goma kawai nake karɓa, ka kawo mini gona sukutum? Irin wannan kyauta ai ba a mayarwa. Na lulluɓa da ita, kuma ta yi mini daidai."

Jatau ya ce, "To, ruwan sha fa?"

"Yana nan," in ji kogi. "Durƙusa."

Ya waiga, kowa shi yake kallo. Ya so ya juya gida, amma a gidan ma randa a bushe take. Gwamma ta miƙa masa ƙoƙonta. Ya durƙusa ya shiga tono, rawani ya warware ya zubo masa a fuska. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi, ya yi kuka a gaban garin duka, ya sha ruwan da yashinsa. Sarauta dai ba a ƙwace ba. Har ya rasu ana ce masa Sarkin Noma, yana noman ƙodago a gonakin mutane.

Shi ya sa har yau, da rani, ba mai shan ruwan kogin nan a tsaye. Gobe in kun je ɗiba ku tona a hankali, ku yi ladabi. Wannan yashin da ke shiga muku farce, gonar Sarkin Noma ce.