Gizo da Duwatsu Uku na Kogin Kada

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

Wata shekara yunwa ta matsa wa dabbobi. Ba abin ci sai wata kanya da ta nuna a hayin kogi, kogin kuwa Kada ke gadinsa. Hanya ɗaya ce: duwatsu uku a tsakiyar ruwa, a yi tsalle daga wannan zuwa wancan. Wanda ya zame ya zama abincin Kada.

Gizo da Kurege suka je wurin Biri, gwanin tsalle, ya koya musu. Biri ya jera duwatsu uku a tudu, ya ce, "Kafin tsalle, ku zaga tsamiyar nan da gudu har gumi ya keto. Da dare ku yi barci sosai, don a cikin barci ƙafa ke riƙe abin da ta koya da rana."

Gizo ya ce, "To, Malam."

Rana ta farko Kurege ya zaga, Gizo ya laɓe bayan tsamiya ya shafa ruwa a goshi. Ta biyu haka, ta uku ma haka. Da dare Kurege sai minshari, Gizo kuwa yana can yana tsalle-tsalle don ya fi shi, har idonsa ya yi jawur. Ni wayon nan nasa haushi yake ba ni.

Ranar tsallakawa, da sanyin safiya, Kurege ya zaga tsamiya har ya jiƙe. Tsalle uku, sai ga shi a hayi.

Biri ya taɓa Gizo, ya ce, "Jikinka da sanyi. Je ka zaga."

"Na zaga tun asuba, Malam."

Gizo ya dira kan dutse na farko. Kada ya ɗago ido. Gizo ya dira kan na biyu, hamma ta kama shi. Kada ya matso, ya ce, "Sannu, Gizo. Saura ɗaya."

Gizo ya yunƙura, jijiya ta ɗaure. Ƙafafun nan takwas suka rikice masa. Ya ƙwala ihu, "Malam! Wace ƙafa ce farko?"

Kafin Biri ya buɗe baki, sai tsundum! Kada bai ko tauna ba. Kurege na hayi da kanya a baki, yana kallo.

To, kun ji. Mai koyon abin da jiki ke yi, ya ɗumama jikin tukuna, ya kuma ba shi barcinsa. Kana iya yaudarar malaminka, amma ba ka yaudarar ƙafarka.

Ƙungurus kan kusu! Kowa ya nemi tabarmarsa.