Rantsuwar da ta Hana Lantana Hawa Mota

An yi wani mutum a Damri. Ba zan faɗi sunanshi ba, amma masu zama gindin ɗorawa ranar kasuwa sun san ko wa nake nufi.

Zamanin da aka datse gulbi a Bakolori, aikin ya ci gonarshi. Ya tsaya gaban jama'a ya rantse, shi da iyalinshi ba mai sa ƙafa a motar kamfanin da ke aikin har abada. Aka yi ta yaba mishi. Daɗin yabon ya hau mishi kai.

Sai ɗiyarshi Lantana, 'yar yaye, ta kamu da amai da gudawa. Wata safiya ta bar kuka. Ya taɓa ta, ya ji sanyi, ya ce alhamdulillahi, zazzaɓi ya sauka.

Gwaggonshi Asabe ta kama hannun yarinyar. Sanyi ƙalau, ga danshi. Ido ya faɗa, numfashi sama-sama, tun jiya ba fitsari. Ta danna farcenta, ya yi fari, ya ƙi komawa ja.

Ta ce, "Kai, wanga ba sauƙi ba ne. Ruwan jikinta ya ƙare. A kai ta asibitin Mafara yanzu."

Maƙwabcinsu Bitrus, direban kamfani, ya leƙo zaure. "Maigida, ga mota, can za ni."

Mutumin ya dubi ɗiyar, ya dubi mazan da ke ƙofar gida suna kallonshi. Me za su ce gobe? Ya ce, "Na gode. Barci take."

Ya 'yan uwa, barci ne?

Sai da azahar, da aka kira ta ba ta motsa ba, ya ɗora ta bisa jaki. Da suka isa asibiti aka nemi jijiyar ƙarin ruwa, hannu da ƙafa, aka rasa. Malamar asibiti ta ce, "Baba, da da safe kuka kawo ta." Nan yarinyar ta cika.

Uwar yarinyar ta tafi gidansu, ba ta dawo ba. Shi kuwa yana nan kasuwar Maradun, yana tare matan mutane yana taɓa hannun goyonsu ya ji ko da sanyi. Ya sha mari.

Ya 'yan uwa, yaro mai gudawa in ya yi sanyi ya yi shiru, a yi ta ɗiga mishi ruwan gishiri da sukari in yana iya haɗiya, a ruga asibiti. Rantsuwa tana da kaffara. Wace kaffara ke maido ɗiya?

Allah ya kiyaye mu da girman kai, ya raya mana zuri'a.