Ƙofar da Waziri Ya Toshe

An yi wani sarki mai zafin zuciya, wanda ba abin da ya ƙi jini kamar lalaci. Wata rana sarkin magina ya kawo ƙara cewa 'yan ƙwadagon Bayan Ganuwa ba sa isowa wurin aiki sai rana ta take, saboda haka rabin lada ake ba su, ga shi sun cika gari da kukan yunwa.

Sarki ya dubi Waziri Zailani ya ce, "Ƙarfinsu ɗaya da mutanen cikin gari, sana'arsu ɗaya. Me ya ƙosar da waɗannan, ya bar waɗancan da yunwa? Na ba ka kwana uku ka kawo mini amsa. In lalaci ne, su bar mini ƙasa."

Amsar kuwa tana bakin Waziri. Shi ne ya sa aka toshe ƙofar yamma shekara huɗu da suka wuce, wai don tsaro, alhali jakunan mutanen ne ke tattake masa lambun lemo. Tun daga nan sai sun zagaya rabin ganuwa kafin su shigo.

Ya kasa zaune, ya kasa tsaye. Rana ta biyu ƙafafunsa suka kai shi Bayan Ganuwa, ya tarar da wani tsohon magini, Tanimu, yana ɗaure kayansa.

"Ranka ya daɗe," in ji Tanimu, "daga tsakar gidana ina jiyo masu kwaɓa ƙasa a cikin gari. Jifa ɗaya ne tsakaninmu, amma kafin in zagayo an ba wani aikina. Yanzu kuma wai mu ne malalata."

Kunya ta rufe Waziri, ya juya ya koma gida.

Rana ta uku ya faɗi gaban sarki ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ba lalaci ne ya hana su arziki ba, azzalumi ne ya hana su, ga shi durƙushe gabanka." Ya zayyana kome, har da lemon.

Sarki ya daɗe yana huci, sannan ya ce, "Laifinka ya isa a tuɓe ka, amma ka sayi mutanena da mutuncinka, don haka rawaninka na nan, ga alkyabba kuma. Gobe za a buɗe ƙofar, hanya ta ratsa tsakiyar lambunka, kai za ka fara sara."

Haka adalci yake: kafin a auna guminka, a fara auna nisan da aka ɗora maka.