Tayoyin Da Suka Fi Ƙarfin Gwiwar Inna

Akwai wani mai shagon labule da ba ya iya zama wuri ɗaya. In yana zaune ƙafarsa na kaɗawa, in yana tsaye makullin mota na juyawa a yatsarsa. Abokansa Guguwa suke ce masa.

Allah ya hore masa jif, irin wadda aka ƙera don tudu da kwari. Amma dajin Guguwa bai wuce daga gida zuwa makarantar yara ba, daga can zuwa shago, kwalta shimfiɗe har bakin ƙofa. Sai asibiti, inda yake kai mahaifiyarsa gashin gwiwa duk mako tun bayan da aka yi mata aiki. Likita ya ja musu kunne: in ana tsallake gashin nan, gwiwar za ta sandare.

Ana nan lafiya lau, ran nan wata jif ta tsaya kusa da shi a danja. Irin tasa ce sak, sai dai tayoyinta kamar na tarakta. Direban ya leƙo shi daga sama, ya ɗan ɗaga masa gira, ya wuce.

Shi ke nan, zaman lafiya ya ƙare.

Ya isa shago ya kasa tsayawa. Ya fita ya zagaya motarsa, ya dawo, ya sake fita. Ya tsuguna ya ƙare wa taya kallo, ya miƙe ya ja tsaki. Wata mata ta zo sayen labulen falo, ya yanko mata na tagar kicin.

Kada ku cika yi masa dariya. Ba kowa Allah ya haɗa wa kyau da natsuwa ba. Mu ɗin 'yan kaɗan ne, kuma ko sannu ba ku yi mana.

Kafin la'asar yana wurin mai taya.

"Wacce ta fi girma a nan?"

Mai taya ya dubi takalmin Guguwa mai sheƙi. "Maigida, daji kake shiga ko gari?"

"Ina ruwanka? Mutum ya san inda gobe za ta kai shi ne?"

"Haka ne, ranka ya daɗe. Ga irin wadda kamfani ya sa mata. Ga wadda ta ɗan ɗara ta, masu yawon gari sun fi ɗaukarta. Sai kuma waccan." Ya nuna wata a lungu, ta kusa kai ƙugun mutum. "Amma sai an ɗaga motar, in ba haka ba za ta riƙa gugar jiki in ka sha kwana."

"A ɗaga ta."

"Za ta sha mai fa."

"Kai za ka saya?"

Mai taya ya washe baki. "Wallahi tun da ka shigo na ce wannan ba mutumin ƙaramar taya ba ne."

Da ya kawo ta gida, matarsa ta fito ta riƙe haɓa.

"Baban yara, sannu da ƙoƙari. Tsanin fa, a bayan mota yake ko sai gobe za a kawo?"

"Ke ba ki san kaya ba."

Motar ta ƙi shiga rumfarta, ta koma kwana a waje. A kan kwalta sai ta yi ta gurnani kamar injin niƙa, har ba ka jin rediyo. Birki sai ya fara takawa tun daga nesa. Allurar mai kuwa yana kallo tana zamewa. Amma da zarar wani ya waiwayo a titi, duk sai ya manta.

Ranar asibiti ta zo. Inna ta fito a hankali, ta buɗe ƙofar mota, ta ɗaga kai ta dubi kujerar can sama. Ta ɗaga ƙafa, ƙafar ta tsaya a hanya. Ta sake gwadawa.

"Inna, mu yi sauri, za mu makara," in ji Guguwa, idonsa na kan waya.

Sai da matarsa ta tallafo ta ta baya, shi ya jawo ta ta ciki. Inna ta cije leɓe.

Mako na zagayowa ta ce, "Yau na ji sauƙi. Je ka shagonka."

Daɗi ya kama shi, dama ya yi da wasu masu manyan tayoyi za su haɗu a ɗauki hoto. Wani makon ma ta ce ta ji sauƙi. Na bayansa ma haka. Bai taɓa tsayawa ya ce, "Inna, taka in gani" ba.

Sai ga ƙanwarsa a shago, ko zama ba ta yi ba.

"Yaya, yaushe rabon Inna da asibiti?"

"Ai ta warke."

"Ta warke? Bango take dafawa ta je banɗaki. Salla ma a kan kujera take yi yanzu."

"To me ya hana ta faɗa mini?"

"Ta ce kada wanda ya gaya maka. Wai ta ga kana murna da motarka, ba ta so ta rage maka jin daɗi."

Almakashin da ke hannunsa ya faɗi. Ya bar shago a buɗe ya nufi gida.

Ko a nan ɗin ma, jama'a, bai haƙura da tayoyin ba. Ya ɗauko 'yar kujerar tsakar gida ya ajiye a gindin mota.

"Inna, taka nan, sai ki taka can."

Ta ɗora ƙafa, kujerar ta yi rawa, ta janye da sauri.

"To bari in ɗauke ki."

"Kul! Ni na goya ka. Yau kuma ka sungume ni a bakin titi kamar buhun siminti, maƙwabta na kallo? Bar ni da gwiwata."

Ta juya tana bin bango. Guguwa ya tsaya yana kallon yadda take jan ƙafar, ga ƙatuwar motarsa a gefe tana ƙyalli.

A tasi suka kai ta. Likita ya kama gwiwar zai lanƙwasa, ta ƙi.

"Wa ke kawo ta gashi?"

Inna ce ta ce, "Laifina ne, likita. Ni ce mai ƙiwa."

"Sai mun koma farko, Mama. Kuma zai fi na da zafi."

Guguwa na tsaye a baranda yana jin nishinta ta cikin ƙofa. Ya je ƙarshen baranda ya dawo, ya sake zuwa. Duk inda ya tsaya yana jin ta.

Daga nan bai zame ko'ina ba sai wurin mai taya.

"Sauke ta. Mayar mata da irin nata."

"An gama, maigida. Manyan dai ka tafi da abinka, ba na karɓar wadda ta taka ƙasa."

Suna nan jibge a bayan shago, an lulluɓe su da ragowar labule.

Gwiwar Inna ta saki, amma ba ta koma yadda likita ya so ba. Da sanda take tafiya yanzu.

Ranar da ya fara kai ta bayan an sauke motar, ya miƙo hannu zai taimaka, ta ture shi. Ta kama ƙofa, ta taka, ta zauna da kanta. Ta gyara mayafi, ta jingine sandarta, ta dube shi.

"Yauwa. Yanzu ka sayi mota. Waccan bene ce, ni kuwa ban ce maka ina neman ɗaki a sama ba."

Darasi: Kafin ka zaɓi taya, dubi hanyar da kake bi kullum da mutanen da kake ɗauka, ba idon baƙon da ya ɗaga maka gira a danja ba. Kuma in tsohuwarka ta ce ta ji sauƙi, tashi ka duba da idonka. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman mai shirin ɗaga motarsa. Na san halinku, ku karanta ku yi dariya ku wuce, ni da na sha wahalar rubutu ko a jikinku. Yau dai ku ba ni kunya, ku yaɗa shi.