Ƙullin Barmo

Dalilin da ya sa idan mutum ya riƙe ka a zuci ake cewa ya ƙullace ka, daga wata igiyar rama ya samo asali. Ke Jummala, daina hararar ƙanwarki ki saurara, don ke nake ba da labarin nan.

A zamanin da, fushi ba ya kwana. Mutum biyu sai su yi faɗa da la'asar kamar su cinye juna, gari na wayewa ka gan su suna gaisawa, babu wanda ya tuna abin da ya haɗa su. Kowa yana jin daɗin haka, ban da Barmo mai tukar igiya, mutum mai ƙaramar zuciya.

Barmo yana da ƙane mai haƙar rijiya, sunansa Cindo, sarkin barkwanci. Wata ranar kasuwa Cindo ya ɗaga igiyar wansa a gaban jama'a ya ce, "Igiyar Yaya dai ko akuya ba ta riƙewa!" Aka fashe da dariya. Maganar ta soki Barmo, kuma abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ya san gobe zai manta.

Da ya koma gida sai ya ɗauko doguwar igiyarsa, wadda babu kamarta a garin, ya yi mata ƙulli, ya jiƙa shi da ruwa, ya taka da ƙafa ya ja har ya tauri. Da safe hannunsa na taɓa ƙullin, maganar ta dawo masa sabuwa fil. Mugun daɗi ya kama shi. Daga nan fa, Cindo ya wuce bai gaishe shi ba, ƙulli. Ya yi dariya a inda bai kamata ba, ƙulli. Kafin shekara ta zagayo igiyar ta cika da ƙulle-ƙulle, shi kuwa Cindo bai san ana yi ba.

Ran nan da hantsi sai ga Tasalla, matar Cindo, da gudu ko mayafi babu.

"Yaya Barmo, ka taimaka! Ɗan'uwanka yana cikin sabuwar rijiya, igiyarsa ta tsinke, gefen rijiyar yana zubewa! Sauran igiyoyin ba su kai ba, sai taka!"

Barmo ya suri igiyar ya ruga. Aka zura ta, aka zura, har ta ƙare. Daga can ƙasa muryar Cindo ta taso a shaƙe: "Ba ta iso ba, Yaya! Saura kaɗan!"

Ƙulle-ƙullen sun cinye tsawonta. Barmo ya janyo ta ya hau kwancewa, ƙasa kuwa tana ta zuba cikin ramin. Ya kwance na dariya, ya kwance na gaisuwa, farcensa ya ɓalle bai ji ba. Aka sake zurawa, saura taki ɗaya. Na farkon nan ne ya rage, na ranar kasuwa, wanda ya jiƙa ya taka. Ya zama kamar dutse.

"Wai waɗannan ƙullin na mene ne?" Tasalla ta tambaya tana kuka.

Barmo bai iya ƙarya ba a wannan lokacin. Ya leƙa ramin ya ce, "Cindo, kai ka ce igiyata ko akuya ba ta riƙewa."

"Ni? Yaushe, Yaya?"

Barmo ya ji kunya kamar ya nutse. Ya sa haƙori ya ciji ƙullin, ya ja, ya ja, har haƙorinsa ya karye kafin ya warware. Igiya ta isa. Amma kafin a janyo Cindo, wani ƙaton hoge ya rufto masa a ƙafa. Ya fito da rai, sai dai bai ƙara takawa daidai ba, bai ƙara haƙa rijiya ba.

Barmo ya durƙusa yana neman gafara, Cindo ya yafe masa nan take. Tasalla kuwa ta dubi ƙafar mijinta, ta dubi igiyar. Sannan ta kama bakin zanenta, idonta cikin na Barmo, ta yi masa ƙulli, ta ja da ƙarfi. Matan da ke wurin duk sun gani, sun kuma gane amfaninsa. Ba a daɗe ba mutane suka iya yi ba igiya ba zane, a cikin ƙirji kawai.

Shi ya sa har yau fushin da ya wuce da yininsa muke ce masa fushi, wanda aka adana kuwa sai mu ce an ƙullaci mutum, mai yawan yi mu ce yana da riƙo. Jummala, na ga hannunki a bakin zane tun ɗazu. Kwance shi yanzu, tun bai jiƙa ba.